Ranar da Na Tashi Daga Teburin Ƙofa

Mu huɗu aka turo daga makaranta zuwa wani asibiti a Daura don koyon ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji, kuma nawa sakamakon ne ya fi rauni. Ban faɗi jarrabawa ba, amma da ƙyar na haye. Lissafin wutar na'ura ne ya kusa kayar da ni. Kafin in warware Turancin tambaya, lokaci ya ƙare.

Shugaban sashen, wani dattijo mai tabarau da muke kira Oga, ya jera takardunmu ya duba. Ɗan ajinmu da ya zo na ɗaya, wani Bakatsine, shi aka fara bai wa ɗakin na'ura. Ni kuwa teburin bakin ƙofa aka nuna mini.

"Ke ki riƙa rubuta sunaye," in ji Oga. "Fim ɗin ɗaukar hoto ba abin ɓarna ba ne."

Sati uku ina rubuta suna da shekaru da gari.

Wata Talata da hantsi wani magidanci ya kawo mahaifiyarsa daga Dutsi, tari ya ƙi barin ta wata biyu. Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kafuwa ba, mata da yawa ba sa yarda namiji ya gyara musu tsayuwa, kuma babu mace a sashen sai ni. Bakatsinen ya yi iya ƙoƙarinsa daga nesa. Hoton farko ya fito dishi-dishi saboda ta motsa. Na biyu ga inuwar laya a tsakiyar huhu. Tsohuwa ta ja mayafinta ta ce ita gida za ta.

Na miƙe. "Oga, a ba ni ita."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da wane makin?"

"Makin yana cikin aljihun teburinka, ranka ya daɗe. Ita kuma ga ta nan tana tari. Wanne likita ke jira?"

Ban zauna ba. Can ya ce, "Fim ɗaya. In kika ɓata, ki koma kujerarki."

Na ja labule, muka rage daga ni sai ita.

"Iya, layar nan ba ƙwace ta za mu yi ba. Kawo in ɗaure miki a bakin zane."

"'Yar ina ce ke?"

"Sandamu."

"To, ai ke ta gida ce," ta ce, ta cire da kanta.

Na jingina ƙirjinta da allon na'urar, na ɗora hannuwanta a ƙugu, na tura kafaɗunta gaba. Na ce ta ja numfashi kamar za ta hura wutar ɗanyen kara, amma kada ta hura sai na ce. Sau biyu muka gwada, tana dariya tana tari.

Da na zo saita na'ura sai na tsaya. Jikinta duk ya rame, ban tabbatar da ƙarfin wutar da ya dace ba. Ban yi girman kai ba, na tambayi Bakatsinen. Ya faɗa mini a hankali, babu izgili. Har gobe ina ganin girmansa.

Fim ya fito daga ɗakin wankin hoto tas, haƙarƙari ana iya ƙirgawa, ga tabo a saman huhun dama. Oga ya ɗaga shi ga haske ya daɗe.

"Kafaɗar hagu ta ɗan karkace," kawai ya ce. Gaskiyarsa ce, ta karkace. Amma ya aika wa likita, aka ɗora tsohuwa a kan maganin tarin fuka.

Washegari na wuce kai tsaye ɗakin na'ura.

"Wa ya ce ki tashi daga can?"

"Ba kowa, Oga. Aiki na zo koya."

Bai kore ni ba. Bayan haka na ɓata fina-finai, na sha faɗa, na kuma koma wa littafin lissafin da na tsana, don na ga amfaninsa. Bakatsinen shi ma ya koyi lallashin marasa lafiya, har ya zama gwani.

Ranar tafiyarmu Oga ya rubuta a takardar shaidata cewa ina da taurin kai, amma hannuna yana da kyau. Na fassara wa Baba a zaure. Ya ce, "Hannun dai a can kika samo shi. Taurin kan kuwa na kakarki ne."