Katakon Fedar Hagu

Ƙanina ya iya zaɓen keke, wannan ba zan hana shi ba. Ranar da ya zo Birnin Kudu daga Abuja da nasa ɗaure a bayan mota kamar ragon layya, na fito na yi ta zagaya shi har maƙwabta suka fara leƙe. Baƙi ne wuluk, marar ƙyalli. Ba ka ganin wayar burki ko ɗaya, duk an cusa su ciki. Ba ka ganin tabon walda, sai ka ce haka aka haife shi. Na sa yatsu biyu na ɗaga shi sama. Ni mai son keke ne tun ina yaro, har yau da shi nake zuwa ofis, kuma na yaba wannan har cikin zuciyata.

Da na gama yabo sai na tambaye shi inda ake ɗaura buhu. Babu kariya a baya, babu madigadin da zai tare maka taɓo, sirdin kuwa siriri kamar bayan wuƙa. Tayar ma ƙaya ɗaya ta hanyar Kwandiko ta ishe ta.

"Yaya, wannan ba na buhu ba ne, na motsa jiki ne," in ji shi.

Na ce Allah ya ba da lafiya. Muka yi dariya, muka ci tuwo. Washegari muka wuce Gwaram gaishe da Inna, kuma a nan ne idonsa ya faɗa kan keken Baba.

Babanmu gurgu ne, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa. Yana saurayi amalanke ya bi ta kan ƙafarsa ta hagu, aka yi ɗori, ta warke a gajarce. Da ya sayi keke, irin baƙin nan mai nauyi na da, sai ƙafar ta kasa kai feda in ta yi ƙasa. Wani masassaƙi ya yanko masa guntun icen tsamiya, maƙeri ya ɗaure shi a kan fedar hagu da ƙusoshi. Da wannan keken ya yi ta kai gishiri da kanwa rugagen wajen Fagam, yana dawowa da hatsi, har ya aurar da mu duka. Katakon yana ɗan bugun ƙarfe duk juyi ɗaya, ƙwas, ƙwas, tun daga bakin lungu Inna take jin ya dawo ta ɗora ruwan alwala. Tafin ƙafarsa ya ci icen har ya yi wani rami mai santsi a tsakiya.

Da ya rasu aka zo rabon gado, malamai suka tambayi Inna abin da take so a sa mata cikin rabonta. Ta ce keken. Mata suka yi ta ƙus-ƙus, wai tsohuwa me za ta yi da keke. Ta sa aka jingina shi a bangon ɗakinta, daidai inda hannunta zai kai daga bakin gado. Bayan wasu shekaru yanar ido ta rufe mata gani, aka yi aiki bai yi ba, ta koma sai dai haske da duhu. Duk Juma'a in na je daga Birnin Kudu nakan same ta zaune, hannunta a kan fedar hagu, babban yatsanta a cikin ramin nan. Wani lokaci ta juya fedar baya da hannu don ta ji ƙwas ɗin. Ba ta taɓa yi mini bayani ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Keken kam ya tsufa, ba na musu. Tsatsa ta cinye madigadi, an ɗaure sirdi da tsohuwar roba, tayoyi sun bushe sun tsattsage. Ƙanina ya tsuguna gabansa yana girgiza kai. Ya ce akwai wani mutum a Kano da masu hali suke kai wa irin waɗannan, yana fito da su tamkar yau aka sauke su daga jirgi.

"Inna, bari in kai a wanke wa Baba kekensa, a sa masa mai."

Ta ce, "Ba ya ƙorafi ai."

"Abin kunya ne, Inna, a ce muna raye keken Baba yana ruɓewa."

Shi ne autanta, ba ta iya ce masa a'a. Ta ce, "To, kada ya daɗe." Ni na ɗauka wanki ne da mai, kamar yadda ya faɗa.

Ya daɗe. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai. Duk Juma'a kafin in gama zama sai ta ce, "Ba labari daga Kano?" Na sha ganin hannunta ya miƙa wajen bango ya dawo. In na kira ƙanina sai ya ce ana jiran sirdi daga waje, ko kuma fenti bai gama kamawa ba, aiki mai kyau ba a yi masa gaggawa.

Bayan kaka ya iso da shi, lulluɓe da bargo. Ya fara tsayawa gidana don in gani. Da ya yaye bargon, wallahi sai da na ce masha Allah. Baƙin fentin yana da zurfi kamar ruwan rijiya, kana ganin fuskarka a ciki. An ja siraran layuka ruwan zinariya a jikin ƙarfen, da hannu aka ja su, babu inda hannun ya yi rawa. Sirdin fata ne ja mai ƙusoshin tagulla. Ƙaho da ƙararrawa suna ɗaukar ido, wutsiyar madigadin baya fara tas, fitila tana kamawa da zarar taya ta juya. Wanda ya yi aikin nan gwani ne. Ban taɓa ganin keke mai kyaunsa ba, har da na Abujan.

Sai na duba ƙasa. Fedoji biyu sababbi, baƙar roba, iri ɗaya.

"Ina katakon?"

"Wane katako? Au, wannan kututturen? Mutumin ya ce shi ne ya ɓata keken. Yaya, yanzu yadda ya fito daga kamfani haka yake, ko ƙusa ɗaya ba baƙuwa."

Na ce ya kira mutumin yanzu. Ya kira yana ƙunƙuni. Ina jin muryar ta waya, mutum mai ladabi, yana ba da haƙuri. Tsofaffin ƙarafan 'yan gwangwan sun kwashe tun da damina. Icen kuwa bai sani ba, wataƙila mai shayin bakin shago ya hura wuta da shi.

Ƙanina ya ga fuskata ya ce, "To ai sai a sassaƙa wani. Icen tsamiya ya ƙare ne a duniya?"

Na ja bargon na rufe keken. Wa zai taka sabon icen shekara da shekaru da gajeriyar ƙafa har ya yi rami? Wannan yaron a bayan keken nan aka kai shi makaranta, yana riƙe da rigar Baba, yana jin ƙwas ɗin nan da kunnensa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ya yi ba. Yana ta murna, yana jiran a sa masa albarka.

Da hantsi muka shiga Gwaram. Ya turo keken har ɗakin Inna, yana kaɗa ƙararrawa. Keken kansa ba ya wata ƙara, sai ɗan sautin sarƙa mai laushi. Inna ta gyara zama, fuskarta ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Ya dawo?"

"Ya dawo, Inna. Taɓa ki ji."

Ya kama hannunta ya ɗora a kan sirdi. Ba ta tsaya a nan ba. Ta bi ƙarfen da tafin hannu zuwa ƙasa, ta sunkuya, ta lalubo fedar hagu. Babban yatsanta ya yi ta yawo a kan robar. Ta juya fedar baya. Shiru. Ta sake juyawa. Ta miƙa hannu ta ƙarƙashi ta shafa ta dama, ta dawo ta hagu, sannan ta ɗago.

"Auta, sun musanya maka. Ka mayar musu da kayansu."

"Shi ne, Inna, wallahi shi ne. Gyara aka yi."

"A'a," ta ce, a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Mai wannan ƙafafunsa daidai suke. Ka je ka karɓo na Malam."

Ƙanina ya kalle ni. Na kalli ƙasa. Ya fitar da keken, ba ƙararrawa wannan karon.

Yanzu yana falonsa a Abuja, an rataye shi a bango, an sa masa fitila ta musamman. Baƙi suna ɗaukar hoto da shi, yana gaya musu keken mahaifinsa ne. Inna ta ƙara shekara biyu a duniya. Ba ta yarda a ajiye komai a jikin bangon nan ba, ko buta, wai kada a rasa wurin jingina shi. Kuma duk Juma'a kafin in gama zama sai ta ce, "Ba labari daga Kano?"