Bel Huɗu

A masana'antar sabulun da nake riƙe da makullin sito, akwai wani dattijo da muke kira Baba Kunne. Aikinsa ke nan kula da bel ɗin injuna. Yana wucewa zai tsaya cak ya karkata kai, ya ce bel ɗin can ya saki, kuma a duba a tarar haka ne. Kowa na yabonsa, ni kuwa raina bai taɓa kwantawa da shi ba.

Babban injinmu bel huɗu ke juya shi. Duk ranar da guda ya tsinke, sai Baba ya zo mini da fara'arsa ya ce, "Ɗana, ba ni huɗu." Ɗaya ya lalace, a karɓi huɗu? Ukun nan masu lafiya fa, ina suke zuwa? Shekara tara abin na cina, har dai na kai wa manaja maganar.

Manaja ya kira shi a gabana. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, tsofaffin sun miƙe. In ka haɗa su da sabo, shi kaɗai zai ɗau nauyin injin."

Manaja ya ce, "To ina tsofaffin?"

Baba ya juyo ya dube ni, bai ce uffan ba. Na ce a raina, an kama ɓarawo. Ya ciro makullansa ya ajiye a kan tebur, ya fita.

Bakaniken da aka kawo ya ɗaura guda ɗaya, yadda muka so. Ko mako biyu bai yi ba ya tsinke, ya tsaga murfin inji. Muna neman abin rufewa a bayan ɗakin aikin Baba, sai ga tsofaffin bel jibge a cikin durom, kowanne an datse shi biyu da wuƙa don kada wani ya sake ɗaura shi.

Na je na sami Baba a ƙofar gidansa yana gyara takalmi. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Amma me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Da manaja ne kaɗai ya tambaya, da na faɗa. Kai fa kullum sai ka gaishe ni har ƙasa, ashe ɓarawo kake gaisarwa."

Bai koma masana'antar ba.