Mutum-mutumin da Ya Koya wa Inna Jira

Inna, mahaifiyata, idan ta fara gaisuwa ba ta barin komai a baya. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi awaki, kafin ka buɗe baki ta amsa maka da kanta. Direbobin Maraɗi da ke sayen furarta a ƙofar gidanmu na Jibiya sun santa sarai; mai sauri daga nesa yake miƙo kwano.

Sai ga shi Allah ya ba ta jikan da ba ya magana. Ɗana ya isa shiga makaranta bai taɓa cewa ko "Baba" ba. Ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi, ƙarar manyan motoci kuwa sai ya toshe kunne ya shige bayan rumbu. Kullum da safe Inna za ta durƙusa gabansa, irin wasan kaka da jika: "Maigida, ina kwana? Lahiya lau, ko? To madalla!" Tana dariya, amma na sha ganinta tana share ido da bakin zane. Burinta ɗaya ne, ya amsa gaisuwarta kafin ta bar duniya.

Wata shekara wasu likitoci suka zo asibitin garinmu da mutum-mutumi mai magana, don yara irin nawa. Zamanin Shari'a ne, nan da nan gari ya ɗauka an kawo gunki. Inna ta yafa mayafi ta je ta tambayi liman. Ya ce ai 'yar tsana ce ta yara, ba bauta mata za a yi ba. Duk da haka ta ce ƙafarta ƙafar jikanta.

Abin bai wuce tsayin turmi ba, fari fat, wata matashiyar likita na sarrafa shi daga kwamfuta. Ya ɗaga hannu ya ce da ɗana, "Ina kwana?"

"Ka ce lahiya lau! Ka ce mai..." Inna ta fara.

"Inna, don Allah a ɗan yi shiru," in ji likita.

Mutum-mutumin ya tsaya cak, hannu a sama, bai ƙara ko kalma ba. Ni kaina sai da na yi gumi, don a wajenmu barin gaisuwa a rataye abin kunya ne. Can sai yaron ya matso ya taɓa masa yatsa. Haka muka yi ta zuwa, har ranar da yaron ya sunkuyar da kai ya ce da mutum-mutumin a hankali, "Lafiya lau." Na kusa faɗowa daga benci don murna. Inna ta rangaɗa guɗa, sannan ta ɓata rai.

"Ni da na goya shi, sai wanga abu na roba za ya amsa ma? Mi ya fi ni?"

Likita ta yi dariya. "Jira kawai, Inna. Maganarsa daga nesa take tahowa, kafin ta iso kin riga kin amsa masa."

Da wa'adin likitocin ya cika suka naɗe kayansu suka tafi. Tsoro ya kama ni, kada maganar ta bi mutum-mutumin cikin akwati.

Washegari Inna ta durƙusa a tsakar gida. Ta ce, "Ina kwana, maigida?" Sai ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije. Baburan masu fetur suna ta wucewa a waje, kumatunta na rawa, idonta ya yi ja. Tun da nake ban taɓa ganin ta sha wuya irin ta wannan shirun ba. Na so in yi dariya, amma na danne.

Yaron yana kallon carbin hannunta. Can ya ce, "Lafiya lau." Sai ya ɗaga hannu, daidai yadda ya gani a asibiti, ya ƙara da, "Ina gajiya?"

Inna ta zare mayafin, ta buɗe baki, magana ta ƙi fitowa, sai hawaye. Shi kuwa ya tsaya da hannunsa a sama, yana jiranta.