Karsanar Zahara'u Mai Fura

Duk wanda ya taɓa shan fura a kasuwar Kebbe ya san Zahara'u, don da furar da baƙar magana take haɗa wa mutum. Bakinta ba linzami. Tun tana amarya take damu a gindin darbejiya, nono kuwa wurin mace guda take saye: Bashira, Bafillatanar rugar bakin gulbi.

Shekarar ambaliya ruwa ya share rugar, ya tafi da shanun kaf. Mutanen dai sun tsira, aka tsugunar da su a makarantar firamare. Bashira ta juya fuska bango, ba magana, ba ci. Matan gari, Allah Ya saka musu, suka yi ta kai tuwo suna direwa gabanta a bainar jama'a, suna "ga sadaka". Kayya! Macen da ta saba ƙara wa mutane gyara in sun sayi nono, ita ce za ta miƙa hannu ana kallo? Yadda kwano ya zo haka yake komawa. Kullum sai ramewa take, har aka fara cewa ba za ta kai kaka ba.

Zahara'u ba ta kai kwano ba. Karsanarta ta kwance, mai ciki, wadda ita kaɗai ta mallaka a duniya, ta ja ta har ƙofar ajin da Bashira take.

"Ke Bashira, tashi ki raba ni da wagga masifa!" in ji ta. "Harbi ɗai ta sani. Kiwo nika ba ki, yadda ku masu shanu kuka yi ma junanku. In ta haihu ɗan naki na, uwar ki maido min."

Zahara'u ta tsaya riƙe da igiyar, ba ta da wata dabara bayan wannan.

Can sai Bashira ta waigo. Ta daɗe tana kallon karsanar, sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Wa ad ɗaure ta haka?" ta ce, murya a dishe. "Igiya ta ci mata wuya, ga kaska har cikin kunne. Ke ba ki da tausai?"

Zahara'un da ba a taɓa faɗa mata ta ƙyale ba, ranar miƙa mata igiyar ta yi. Bakin zane ta sa tana share ido.

Bashira na sassauta igiyar, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Akwai sauran fura?"