Gordon Purvis da Lambar da Ta Ƙi Dawowa Gida

A Ashington in ka ce Gordon Purvis sai a tsaya ana tunani. Ka ce Gordon mai tattabaru, kowa zai nuna maka hanya: ka bi bayan tsofaffin gidajen 'yan haƙar kwal, ka shiga lambunan da hukumar gari ke ba mutane haya, ka nemi ɗakin katako mai fentin fari da kore. Nan yake wuni. Mutum ne gajere mai kauri, hannuwansa duk shuɗin tabon ramin kwal, ba ya da yawan magana sai in da tsuntsu yake yi.

Yana saurayi ya shiga rami bayan ubansa. Da aka rufe ramin ya koma tuƙin motar burodi, ya yi ta yi har gwiwoyi suka ƙi. Ubansa bai bar masa gida ba, bai bar masa ko keke ba. Tattabarun tsere ya bar masa, da doka guda: ba a rufe ƙofar tattabaru da saura ɗaya a waje.

Gordon ya riƙe dokar nan kamar addini. Ranar tsere akan loda tattabarun kowa a mota a kai su nesa a sake su. Wadda ta iso gida, sai mai ita ya kira ta ta shiga, ya zare zoben roba daga ƙafarta ya jefa cikin agogon ƙungiya ya buga. Abin da agogo ya faɗa shi ne shaida. In yamma ta yi sauran maza sukan rufe su tafi mashaya, wadda ta ɓata ta ɓata. Ban da Gordon. Yana nan kan kujerarsa da gwangwanin hatsi, ido a sama. An taɓa yin wani namijin tattabara nasa da ya kusa wata bai dawo ba, kowa ya ce shaho ya ci, sai ga shi wata safiya da ƙirji a tsage, waya ta yanke shi. Gordon ya ɗinke shi da zare da allurar matarsa Sheila, tsuntsu ya rayu. Tun daga ranar ba mai iya gaya wa Gordon cewa abin da ya daɗe bai zo ba, ba zai zo ba.

Da wannan halin aka yi shekaru ana yabonsa. Da shi kuma aka kama shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sheila ta rasu cikin hunturu, gida ya yi masa faɗi, hitar ɗumama ɗaki kuma tsada. A babban titinmu banki ya rufe, mahauci ya rufe, amma shagunan caca sai ƙaruwa suke kamar naman kaza bayan ruwa, kowanne da ɗuminsa da shayinsa na kyauta. Dama Gordon yakan leƙa ɗaya ran Asabar ya sa 'yan canjinsa a kan dokin tsere, kamar kowane namiji a garin nan, ba wanda ya taɓa kiran wannan caca. Yanzu sai ya riƙa zama bayan doki ya gama gudu, don ba abin da ke jiransa a gida sai kujerar Sheila.

Donna ce ke bayan kanta, 'yar garin nan ce, Gordon ya yi rami tare da ubanta. An ce mata ta riƙa nuna wa tsofaffi na'urorin da ke jingine da bango, ita kuma aikinta take karewa.

"Kawu Gordon, taso ka ga rulet, cacar faifai da 'yar ƙwallo. Yau na gwaji ne, ba kuɗinka ba ne."

"Wa ke juya faifan?"

"Ba kowa. Hoto ne."

"Ni da furfurata zan yi caca da hoto?"

"To dokin naka fa, ka taɓa shafa shi? Ba a talabijin kake ganinsa ba?"

Ya yi dariya, ya taso. Ta nuna masa da farcenta a kan gilashi. Ja ko baƙi, in ka ci a ninka maka. Cika ko mara, haka nan. Dozin na farko, na tsakiya ko na ƙarshe. In kuwa kana jin kanka, ka zaɓi lamba guda ɗaya tak, in 'yar ƙwallon ta faɗa cikinta a ba ka ninki talatin da biyar.

"Lamba guda," in ji Gordon. "Sa mini ashirin da tara."

Lambar zoben ƙarfen da ke ƙafar Nancy da ashirin da tara ta ƙare. Nancy tattabara ce shuɗiya mai farin gashi ɗaya a fiffike, jikar jikar waɗanda ubansa ya bari, ita ce ta ƙarshe da Sheila ta raɗa wa suna. A kafaɗarsa take sauka. Ba ta shiga ɗaki don kiran kowa sai nasa.

Ran gwaji lambar ba ta zo ba. Mako na gaba da kuɗinsa ta zo. Da ma ba ta zo ba.

Ku ji mugunta. A gefen gilashin nan akwai wurin da na'urar ke jera lambobin da suka daɗe ba su fito ba, ta ce wai sun yi sanyi. Wa ya roƙe ta? Me ya haɗa 'yar ƙwallon hoto da abin da ya faru jiya? Ba ta da gida, ba ta da ƙwai a sheƙa, ba ta san ana jiranta ba. Amma ka nuna wa mai tattabaru abu ka ce masa wannan ya daɗe a waje, ai ka gama da shi. Ashirin da tara ta hau jerin, ta zauna a sama, Gordon ya gyara zama.

Abokinsa Alf Hedley, mai ɗakin tattabarun da ke kusa da nasa, shi ya fara yi masa magana.

"Kai tsoho, ina kake shiga ne? Jiya ni na ba 'ya'yanka ruwa."

"Ina jiran wata ce, tana hanya."

"Wace ce? Ko bazawara ka samu ba mu sani ba? Da wannan hancin?"

"Ashirin da tara. Ta daɗe, Alf. Dole ta zo."

Alf ya ajiye tsintsiya ya dube shi. "Mutumina, akwatin lantarki ne fa. Ba ta da fiffike."

"Haka kuka ce ran nan shaho ya ci wancan."

Da ya ga ƙwallon tana faɗawa kusa, sai ya gano akwai zaɓin maƙwabta: taɓawa ɗaya, a sa maka a kan lambarka da biyu na dama da biyu na hagu a jikin faifan. Ashirin da biyu, sha takwas, bakwai, ashirin da takwas. Nan ma ya sami abin da ya sani. Tattabarar da ta gaji takan sauka kan rufin maƙwabci kafin ta ƙaraso. In ƙwallon ta faɗa bakwai sai ya ce a hankali, "Yawwa, ga ta kan rufin Alf." Wani lokaci ma ashirin da tara takan zo ɗin, amma sai ya ga ai abin da ta kawo bai kai abin da ya kashe wajen jiranta ba, sai ya sake sakinta. Ga kuma maɓallin maimaitawa, ba sai ka yi tunani ba, ka danna kawai. A lokacin doka ta yarda mutum ya zuba fam ɗari a juyi guda, kafin ka kurɓi shayi sau biyu an sake wani juyin. Waɗanda suka sa hannu a kan wannan dokar ba a layinmu suke zaune ba.

Kuɗin fansho ya bi. 'Yan abin da Sheila ta tara don gyaran rufi suka bi. Ƙanwarsa Brenda ta ga ya daina sayen nama, ta ga rigarsa ta yi masa yawa, amma buhun hatsin tattabaru bai taɓa yankewa ba, sai ta yi shiru. A garin nan in namiji yana ciyar da tattabarunsa, an ɗauka lafiya yake.

Bazara ta zo da babban tseren shekara, wanda ake sakin tattabaru daga Faransa su ƙetaro teku. Gordon ya kai Nancy da hannunsa aka sa mata roba. An sake su da asubar Asabar, iska na bayansu. Duk mai hankali ya san daga la'asar ba a ɗaga ƙafa daga lambu. Da rana Gordon ya ce wa Alf bari ya je ya sayo kifi da dankali ya dawo. Shagon cacar kuwa a hanyar mai kifi yake.

Alf ne ya fara hango ta. Ita kaɗai, daga kudu, ta naɗe fikafikai ta faɗo kamar an jefo dutse. Ba tattabarar kowa da ta iso a lambun duka. Ta sauka kan rufin fari da kore, tana haki, tana duban kujerar. Alf ya ɗauki gwangwani ya kaɗa, ya yi fito, ya kwaikwayi muryar Gordon har maza suka taru. Ta dube shi ta kau da kai. Ya buga wayar Gordon, tana aljihun rigar da ya rataye a ƙofar ɗakin. Sai ya buga wa Brenda.

Brenda ta shiga shagon da silifas ɗin gida. Ta same shi ya ba duniya baya, hanci kusa da gilashi, ba kifi ba dankali.

"Gordon! Nancy tana kan rufi!"

"Yanzun nan ta faɗa sha takwas, Brenda. Tana dab."

"Wace tana dab? Ta iso nake ce maka! Tsuntsuwa ta ƙetaro teku ta zo, kai ka kasa ƙetare titi?"

Yatsansa ya danna maɓallin. Ba shi ya danna ba, sabo ne, kuma sabo turken wawa. Ya tsaya ya ga ƙarshen juyin. Ja, talatin da shida. Sannan maganar ta shiga kunnensa, ya juyo, fuskarsa ta zama kamar toka.

Donna ta ce, "Kawu, je ka, don Allah je ka." Tana faɗa idonta na ƙasa.

Mutumin da gwiwoyinsa suka mutu ya yi gudu ran nan. Yana shiga lambu ya ji ƙarar agogon wasu, biyu sun riga sun buga, na uku na bugawa. Bai ɗauki gwangwani ba ma. Ya ce, "Zo, 'yata," ta sauko kan kafaɗarsa. Ya zare robar, ya riƙe ta a tafin hannu, bai jefa a agogo ba. Ba wanda ya tsokane shi. A wurin mazan da ke yi wa juna ba'a ko a makabarta, wannan shirun ya fi zagi.

Kafin kaka ta shigo hatsi ya yanke. Ya sayar da tattabarun biyu-biyu. Labarin Nancy ya riga ya zaga, wani mai kiwo daga garin Consett ya zo da mota ya saye ta don ta yi masa 'ya'ya. Gordon ya sa ta a kwando da kansa, ya ce wa mutumin ba ta son wake da yawa.

Kwana kaɗan sai ga ta kan rufi. A can gidan mutumin an buɗe ƙofa za a share, ta fice. Gordon ya ba ta ruwa, ya zauna da ita a cinya har rana ta karkata.

Alf ya ce, "Ka ɓoye ta mana. Wa ya gani? Ni dai makaho ne."

"Na karɓi kuɗin mutum, Alf."

"Kuɗin da suke ina yanzu?"

Gordon ya je ya ɗauko kwando. Washegari ya hau bas da kwando a cinya ya mayar da ita. Ta sake dawowa, ya sake mayarwa. A karo na biyun mutumin Consett ya ce masa, "Dattijo, kada ka damu, zan yi maganin abin." Gordon ya san maganin: ɗakin wayar ƙarfe wanda ba a buɗewa. Ya dawo a bas ɗin da kwando ba kowa.

Ya daina taɓa na'urar. Ba wa'azin Brenda ba ne ya hana shi, ko da yake ta yi har muryarta ta dushe, kuɗin zubawa ne suka ƙare. Yakan shiga shan ɗumi ya tsaya bayan wasu. Wata rana yana tsaye bayan wani direban tasi da ya sa a kan ja, ƙwallon ta yi tsalle ta zauna a ashirin da tara. Direban ya yi tsaki. Gordon ya daɗe yana duban gilashin, sannan ya sa hularsa ya fita. Bai sake shiga ba.

Daga baya gwamnati ta farka ta rage abin da ake iya sawa a juyi guda zuwa fam biyu, aka yi ta tafa mata a talabijin. Ihu bayan hari. A kawo wa Gordon tafin ya zuba a gwangwani.

Cikin sanyin bara mutumin Consett ya bugo waya. Iska ta ɗage rufin ɗakin wayar, Nancy ta fita, in ta zo a sanar da shi. Gordon ya ce to. Ya je ya share ɗakin fari da kore, ya ari hatsi cikin kofi a wurin Alf, ya ɗaga ƙofa. Tsuntsuwar da ta daɗe a kulle, ga tsufa, ga shaho a kan hanya, kowa a lambun ya san yadda ake ciki. Ba ta zo ran nan ba, ba ta zo a makon ba.

Brenda takan kai masa shayi a fulas. Rannan ta ce, "Yaya, sanyi zai kashe ka a banza. Tashi mu tafi, in rufe maka ƙofar nan."

Ya riƙe mata hannu, ba da ƙarfi ba.

"Bar ta," in ji shi. "Da saura ɗaya a waje."