Galerin kekuna biyu

Shekarar da lokotoro ya ce wa maigidana sukarinsa ya hau, sai ya riƙa motsa jiki, ita ce shekarar da keke ya dawo gidanmu. Malam ya sayo wani tsohon keke baƙi, yana zagaya unguwa da shi bayan sallar asuba. Mota kuwa, wata ƙaramar farar mota da muka daɗe da ita, ta koma ta zuwa aiki kawai.

Wata rana da ya fita, na ga keken jingine a gindin darbejiya a tsakar gida. Rabona da hawa keke tun ina 'yar lakwal, wato 'yar makaranta, lokacin da nake aron na wana. Na ɗaure zane, na hau, na zagaya tsakar gida. Ban faɗi ba. Ina cikin zagayen Malam ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta, ya tsaya a bakin zaure yana kallona har na sauka. Kafin sati ya zagayo sai ga shi ya turo wani keken, kore, irin na mata.

Sai dai tsakar gidanmu ba ta da faɗi, ni kuma ba zan hau keke a cikin unguwa ba. Mace mai jikoki, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran layin, ai sai a mai da ni abin hira a bakin famfo. Malam ya ce to mu riƙa kai kekunan bayan gari, wajen gonar gidansu a hanyar Gafati, inda babu kowa sai awaki. Muka gwada cusa su a bayan mota, ɗaya ma bai shiga ba sai an cire ƙafa. Dole sai galeri, wato ƙarfen nan na saman mota da ake ɗaure kaya.

Mun fara zuwa wajen wani mai sayar da tsofaffin kayan mota. Ya fito mana da wata ta ƙasar waje, marar nauyi, mai makulli. Ta yi mini kyau ƙwarai. Amma da aka ɗora ta, ƙafafunta ba su kama bakin rufin motarmu ba, Malam ya girgiza ta da hannu ɗaya ta goce. Mai shagon ya ce a ɗaure da waya, mu kuwa muka yi masa godiya muka tafi.

Daga nan sai wajen wani mai walda da ke yi wa motocin ƙauye galeri. Ya nuna mana wata ƙatuwa mai shinge ta ko'ina, ya ce wannan ko rago aka ɗora zai kwanta lafiya. Nan take idon Malam ya yi haske. Ya fara lissafa abin da za ta ɗauko: dammunan hatsi da kaka, buhun gyaɗa, har katifa in za a kai wa yara.

Na ja shi gefe na ce, "Malam, in ka sa wannan, motar ta zama ta dangi. Kowa ya ji za mu Gafati sai ya aiko da kayansa. Kekunan nan ba za su taɓa hawa ba."

Ya yi dariya, don ya san 'yan'uwansa ya kuma san nawa.

Muka koma wajen mai waldar na yi masa bayanin abin da nake so. Sanduna biyu kawai a gicciye, da kwararo biyu da tayar keke za ta zauna a ciki, da hannu mai kama jikin keken. Ya dube ni, ya dubi Malam, ya ce shi bai taɓa yin galerin da ba ta ɗaukar kaya ba. Amma ya aika aka kawo kekunan, ya auna faɗin taya, ya auna rufin. Shi ya ba da shawarar a naɗe bakin ƙafafun da tsohuwar robar taya don kada su ci fenti, ya kuma gargaɗi Malam ya riƙa duba ƙusoshin in an sha gargada. Ni na nace a rage tsayin hannun, domin ƙofar garejinmu ba ta da tsawo.

Ranar Lahadi ta farko bayan an ɗora galerin muka fita da hantsi. Ɗora kekunan ya ba mu wahala, sai da Malam ya taka kujera 'yar tsugunno, ni ina miƙa masa. A hanya duk ramin da muka faɗa sai na leƙa da kai ta taga in ga ko suna nan. Suna nan, tayoyinsu zaune daram a cikin kwararo.

An riga an girbe gero, gonaki sun buɗe har gindin duwatsu. Muka sauke kekunan ƙarƙashin wani gawo. Na sa wando a ƙarƙashin zane, na tattare hijabina na ɗaure a ƙugu. Inda yashi ya yi yawa sai mu sauka mu tura, inda ƙasa ta yi tauri in wuce Malam yana haki yana cewa in jira shi. Na manta yadda iska ke shiga kunnen mutum a kan keke.

Ashe yayar Malam tana gonar tana roron wake. Ita ce babba a gidansu, kuma ina jin nauyinta tun ina amarya. Da na hango ta na taka burki, na sauka, na durƙusa na gaishe ta, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta dubi keken, ta dubi ƙafafuna da suka yi buɗu-buɗu, ta ce gwiwarta na damunta, ko wannan abin zai iya kai ta gida?

Malam ya ce ta hau bayansa. Ta ce a'a, ta ga yadda yake tangaɗi, bayana za ta hau.

Haka na goya ta har bakin ƙauyensu, tana riƙe da ƙuguna, ƙwaryar wake a cinyarta, tana yi mini kwatancen inda hanya ta fi tauri. Matan da ke bakin rijiya suka bi mu da kallo, ta ɗaga musu hannu. Da muka isa ta sa aka dama mana fura, ta ce Lahadi mai zuwa mu zo da wuri, tana so a kai ta gaisuwa ƙauyen da ke gaba.