Sifilin da Ya Sa Mana

Shekarar da 'yata ta fara haƙori ne mijina ya kamu da son ƙanƙara. Ba irin tawa ba, wadda nake daskarwa a firiza ina sayar wa masu zoɓo da kunun aya a unguwarmu ta Wambai. Tasa tana can ƙarshen duniya, ƙasa ce sukutum, ya ce ta fi Najeriya girma nesa ba kusa ba, kuma tana tsagewa. Shi malamin lissafi ne a wata sakandare nan Suleja. Wata jami'a a ƙasar Turawa ta yi cigiyar wanda zai je karatun dakta, ya koya wa kwamfuta ta riƙa faɗin inda tsagar za ta bi tun ba ta bi ba. Ya rubuta musu, suka aiko masa da fom guda ɗaya tal ta gidan waya.

Ban hana shi ba, ina so a san wannan. Ƙanƙarata ma yake ɗauka, ya ɗora a kan turmi, ya yi ta ƙwanƙwasa da ƙusa yana zana tsagar a littafi. In ce masa, "Malam, ta nan za ta fashe, inda cikinta ya yi fari." Sau da yawa ta nan ɗin take fashewa. Ya yi dariya ya ce ga kwamfuta a gida yana wahalar zuwa Abuja. Don duk Asabar sai ya shiga mota, ko ana layin mai, ya je ofishin wani abokinsa ya taɓa ta gaskiyar.

Tsoro kam ina ji. Yarinya yau zazzaɓi gobe gudawa, uwata tana Garam, ni kaɗai a ɗakin haya. Amma ya ce in ya yi shekara ɗaya can, ana barin mata da yara su biyo. Wannan maganar na riƙe, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Wata Talata yana da aji, sai ya ba ni ambulan in kai wa maƙwabciyarmu mai buga tafireta a bakin kasuwa, wata 'yar Filato da muke kira Anti. A ciki akwai fom ɗin, da wata takarda da ya rubuta amsoshin da fensir. Ya ce, "Kar ki jiƙa, kar ki buɗe."

Ban jiƙa ba. Na buɗe.

A aji huɗu na tsaya, Turanci ba ya shiga kaina. Amma akwai kalmar da idona ya saba da ita a katin asibiti, inda nas take rubuta yawan 'ya'yan mace. Ita na gani a takardarsa. A gabanta ya zana sifili, zagayayye tas, irin na malamin lissafi.

Na isa shagon. Na ɗora yatsa a wurin. "Anti, me ya rubuta nan?"

Ta duba, ta cire tabarau. "Maman bebi, ki je ki tambayi oga."

"Ke nake tambaya."

Ta yi ajiyar zuciya. "Ya ce ba shi da mata. Ba shi da yara."

A lokacin 'yar da babu ita tana goye a bayana, tana tauna bakin mayafina. Na tuna wata mata a Madalla da ke sarin ƙanƙara a wurina. Haka mijinta ya tafi. Da ta nemi bin sa, aka ce takardarsa ba ta nuna yana da iyali ba, magana ta ƙare.

Na ce, "Buga masa mata ɗaya, 'ya ɗaya."

"Kai, za ki sa ni a wahala fa. Aikin oga ne."

"To buga ƙaryar. Ran Lahadi sai ki ɗauki littafinki ki tafi coci, mu haɗu a bakin famfo ki gaishe ni."

Ta zuba mini ido, sai ta fashe da dariya. "Wannan shiru-shiru, ashe kina da baki!" Ta zura fom ɗin, ta buga. Har yau ina jin ƙarar.

Bayan la'asar ya dawo, alli duk a hannun rigarsa. Na miƙa masa. Ya bi layi-layi yana murmushi, har ya kai wurin.

"Wa ya sa ta?"

"Ni."

"Ke, kin san abin da kika yi? Fom ɗin ɗaya ne! In an shafe da farin ruwa za su ce akwai lauje a ciki."

"Malam, ka sake ni ne ban sani ba?"

"Wace irin magana ce wannan? Dabara ce kawai. Abokina ya ce sun fi ɗaukar wanda ba shi da kaya. In na je sai in gyara."

"Au, kaya ne mu. To da wane baki za ka gyara? Ka ce musu a jirgi ka yi aure, a jirgi aka haihu?"

Ya ce ban san yadda duniya take tafiya ba. Gaskiya ne, ban sani ba. Na kwance goyo, na dire masa yarinyar a cinya, na ce ko ya sa hannu yadda yake, ko ya yaga a gabanta. Ta kama aljihun rigarsa tana zubar masa da miyau. Ya zaro biro. Sannan ya sa hannu, da ƙarfin da biro ya kusa huda takardar. Washegari ya kai gidan waya da kansa.

Sai da damina ta sauka amsa ta zo, a ɗan siririn ambulan. Ba su ɗauke shi ba. Ba su faɗi dalili ba, na sa Anti ta karanta mini sau biyu.

Shi bai taɓa cewa ni ce ba. Ƙanƙarata dai ya daina taɓawa, ya daina zuwa Abuja, littafin zanensa ya shige ƙasan akwati. Abokin ne ya zo har ƙofar ɗakina yana cewa, "Madam ta yi mana aiki." Yayyensa suka ɗauka. Uwata ma da na je Garam ina kuka, tambayarta ɗaya ce: me ya kai ni buɗe ambulan ɗin miji? Kowa ya tambaye ni me ya sa na buɗe. Babu mutum ɗaya, ko ɗaya, da ya tambaye shi me ya sa ya rubuta.

Wataƙila don mu suka ƙi shi. Wataƙila wani ne ya fi shi. Ba wanda ya sani, har shi da lissafinsa. Yanzu in rediyo ta ce wata ƙanƙara ta ɓalle a can, sai ya tashi ya fita tsakar gida, ni kuma in ci gaba da abin da nake yi. Na san yana jiran in ce ya yi haƙuri. Takardar fensir ɗin tana wurina, cikin leda ɗaya da katin asibitin yarinyar. Ran da ya tambaye ni ita, sai mu yi maganar haƙuri.